Jan Bakin Adda

Da hantsi Madam Nneoma ta faɗo ofishin 'yan sanda na Sabon Gari riƙe da wuyan rigar Shekari, mai kula mata da kifi. Tarwaɗar da take kiwo a tanki duk sun mutu, kuma ita ta riga ta gama shari'a: jiya ta yi masa faɗa, yau kifi ya mutu. Aka sa Shekari a bayan kanta yana ta rantsuwa. Matarsa Sarah, da tsohon cikinta, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi motsi.

Sufeto Japheth ba ya son hukuncin da ya riga bincike isowa. Ya je gidan, ya tsinci bokitin roba a gindin katanga da guntun ruwa shuɗi a ciki. Kowa ya ce ba nasa ba ne. Maƙwabcin Madam, Oga Obi mai lambun tumatir, ya ce shi zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ƙofa bai leƙa ba.

Sufeto ya ɗauki bokitin sai Samaru, wurin Malama Bibiana mai koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare. Ba ta yi dogon turanci ba. Ta goge ƙusa ta jefa ciki, suka taɓa hira. Da ta ciro ta, ƙusar ta yi ja kamar wayar lantarki da aka fere.

"Maganin feshi ne, akwai jan ƙarfe narke a ciki," in ji ta. "Haɗuwar sinadarai iri-iri ce, Sufeto. Wani lokaci abu biyu ke zama ɗaya, kamar tsatsa, inda ƙarfe ke haɗewa da iska a hankali. Wannan kuwa musanya ce. Baƙin ƙarfe ya shiga ruwan, ya kori jan ƙarfe, shi kuma jan ya fito ya kwanta a jikin ƙusar nan take. Ka nemi ƙarfen da aka dama maganin da shi."

Ya koma ya duba kayan aikin Shekari, babu ja ko ɗaya. Sai ya zaga lambun Oga Obi, wanda zazzaɓinsa bai hana shi ban ruwa ba. Ga adda jingine da randa.

"Oga, me ya sami addarka?"

"Tsatsa ce, Yallaɓai. Ka san damina."

"Tsatsar da ta tsaya cak a rabin adda kamar an ja mata layi?"

Sufeto ya goga wurin da hankici. Maimakon garin tsatsa, sai jan ya ɗauki sheƙi. Obi ya dubi addar, ya dubi bokitin. Ya ce ruwan tankin da Madam ke saki ne ke kwarara cikin lambunsa yana ruɓar masa da tumatir, ya yi magana har ya gaji, shi ya sa ya zuba mata maganin feshinsa a tankin.

"Tsoro kawai na so in ba ta. Ban ɗauka duka za su mutu ba."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Da aka buɗe wa Shekari, hankalin kowa a ofis ya kwanta, har kofur da ya kulle shi. Madam ta kasa haɗa ido da shi, tana ta kame-kamen ban haƙuri. Shi ko bai tsaya ji ba. Ya wuce ta, ya durƙusa gaban matarsa.

"Tashi mu je gida. Kin ci abinci kuwa?"

Sarah ta girgiza kai, tana dariya tana share hawaye.