Tabo a Jan Gyale

"Wayyo Allah... Sehrish, me kika ja min?!"

Rabail ta saki gyalen, ta sake ɗauka, ta ruga da shi bakin taga. Tabon yana nan daram, shatin yatsu ruwan lemo a gefen jan gyalen da mahaifiyar saurayinta Tabish ta aiko don a lulluɓa mata yau wajen baiko. Da shi aka lulluɓe matar ranar nata baikon.

"Ni? Cewa kawai na yi ki gwada mu gani," in ji Sehrish, 'yar kawunta, tana gyara awarwaro.

Munafuka! Jiya sai da ta bari Rabail na tsaka da wanke fuska da sabulun likita ta miƙo mata gyalen, alhali ta ga yadda sabulun ya koɗar da tawul ɗin gidan kaf. Kuma ba a ɓoye yake ba, Sehrish ta so a ce ita aka kawo wa gyalen.

Ba lalacewar gyalen kaɗai ke damun Rabail ba. A layin likitan fata na nan birnin Multan ta haɗu da Tabish, ita kuraje sun cika mata kumatu saboda man bilicin da Ammi, mahaifiyarta, ta matsa mata ta shafa, shi kuma sun mamaye goshi. Sabulu ɗaya aka rubuta musu. Daga "naki sun fara bushewa?" a waya, zance ya zarce. Shi ya lallaɓa gwaggonsa ta kai sunanta gida kamar ita ta gano ta, manya suna ta murna sun haɗa yaran da ba su taɓa ganin juna ba. In Abbu, mahaifinta, ya ji akasin haka, an fasa, ko kallon baya ba zai yi ba. Ga shi Anti Nargis, mahaifiyar Tabish, ta san irin wannan tabo sarai, kullum cikin faɗa take a kan rigunan filon ɗanta.

Ta shige banɗaki ta kira shi.

"Tabish, asirinmu ya tonu..."

"Nutsu, rabin raina. In ta kama, ni zan tashi in faɗa da bakina."

"Kada ka soma! A gaban Abbu?"

"To in zuba ido a raba mu?"

Ta kashe wayar. Ta zauna, ta miƙe, ta ninke gyalen ta nan, tabon ya leƙo ta can. Ammi ta shigo tana salati, ta lafta mata hoda a kumatu, ta ce Allah ya rufa asiri kawai.

Bayan la'asar falo ya cika. Fanka na juyawa, zafi ko gezau. Aka zaga da shayi da samosa, Rabail ko taɓawa ba ta yi ba. Anti Nargis ta karɓi gyalen a faranti ta fara warwarewa.

"Kash, Anti, kin ga abin da ya same shi?" Sehrish ta ɗaga murya. "Sabulun kurajenta ne. Na ji an ce Yaya Tabish ma irinsa yake amfani da shi, likitansu ɗaya. Ikon Allah!"

Abbu ya ajiye kofinsa a hankali.

Anti Nargis ta ƙura wa tabon ido. Ta dubi kumatun Rabail da gumi ya wanke wa hoda, ta juya ta dubi goshin ɗanta. So da tsoro suka kama Rabail lokaci ɗaya.

Tabish ya miƙe.

"Ammi, ni ne..."

"Zauna!"

Ya zauna.

"Ke yarinya," ta ce da Sehrish, "wannan tabon ya girme ki. Turare ne ya zube min ranar baikona, har surukata ta yi min tas. In ba ki da aiki, ɗauko mana alawa."

Abbu ya sake ɗaukar kofinsa. Sehrish ta fice fuu, awarwaronta na kuka.

Anti Nargis ta lulluɓa wa Rabail gyalen, ta tura gefen mai tabo bayan kunnenta ta kafe da allura. Mata suka kaure da barka da addu'a. Ta sunkuyo kamar za ta sumbaci goshinta, ta raɗa mata:

"Ni za ku mayar sakarya, ke da wancan ɗan banzan? Kina sonsa?"

"Kamar raina, Anti..."

"Ammi za ki ce."

Hawaye suka ɓalle wa Rabail, ta kai hannu ga bakin gyalen. Caraf matar ta riƙe hannun, ta share mata fuska da tafinta.

"Yi kukanki, 'yata. Amma kada ki kuskura ki goge da gyalena."