Faifan da Rana ta Lanƙwasa

Su uku ne a gidan: Baba mai gyaran rediyo, da Yaya, da Auta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, kiɗa ma ba su rasa ba, don faya-fayan garmaho sun cika kanta guda a falo. Abin da suka rasa Umma ce, wadda ta rasu tun Auta na 'yar ƙarama.

Baba kiɗan jaz yake ji. Yaya kuwa tsohon kiɗan rok yake so, mai kukan jita. Kullum da yamma sai sun yi musu.

"Kiɗan nan naka, Baba, kowa da inda ya nufa! Mai busa ya yi gabas, mai ganga ya yi yamma."

"Hira suke yi da juna, kai ne ba ka da kunne. Naka fa? Ƙato ya yi ta ihu kamar an taka masa yatsa!"

Auta takan zuba musu shayi tana dariya. Amma ranar da Dogo, direban tasin da take so, ya zo gaishe da Baba, dariyar maƙalewa ta yi.

"Yaro, wane kiɗa kake ji?" in ji Baba.

"Fank, Baba! Wanda in gangar ta ɗauka, ƙafa ba ta neman izininka."

Fuskar Baba ta sauya. Ya ajiye kofi.

"Ba a sa fank a gidan nan. Wanda ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, yaya zai riƙe min 'ya?"

Ya tashi ya shige ɗaki.

A bakin ƙofa Auta ta fashe da kuka.

"Haba masoyi... da ka ce jaz mana!"

"In fara shiga gidanku da ƙarya, hasken idona?"

"Ba zan aure ka ba sai da yardarsa... kuma ba zan iya auren wani ba."

Dogo ya share mata hawaye da gefen mayafinta. "Me Baba ya fi so a duniya, ban da ke?"

Ta gaya masa wani faifan jaz da Baba ya daɗe yana nema tun da nasa ya fashe. Dogo ya bi shagunan tsofaffin kaya ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da shi wata safiya. Sai dai shi a waya yake jin kiɗa, bai san halin faifai ba. Ya ɗora shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, ya wuni yana aiki.

Da yamma ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya zare shi daga kwali. Faifan ya lanƙwashe, gefensa ya ɗaga sama.

Yaya ya tuntsure da dariya. "Kwano ka kawo mana, ango?"

"A rana ka bar shi?" Baba ya tambaya.

"Don kada fasinja su zauna a kai, Baba..."

Auta ta runtse ido, ta ce a ranta shi ke nan. Amma Baba ya daɗe yana shafa faifan. Can ya aiki Yaya shago ya ɗauko gilasan taga biyu. Ya kwantar da faifan a tsakaninsu, ya danne da tsohuwar sifika.

"Ba a yi masa gaggawa, sai ya miƙe da kansa. Mai fank, za ka iya jira?"

"Zan iya, Baba."

Tun daga ranar Dogo yake zuwa duk yamma, wai duba faifai. Musu ya koma na mutum uku.

"Fank fa kalma ɗaya suke ta maimaitawa har a tashi!" in ji Yaya.

"Abu in ya yi daɗi ai maimaita shi ake yi, Yaya. Naku sai an toshe kunne!"

Baba ba ya goyon bayan kowa, amma Auta ta lura ya fara cewa ta kawo kofi huɗu.

Bayan makonni aka ɗaga gilashi. Baba ya ɗora faifan, ya sauke allura a hankali. Busa mai sanyi ta tashi.  Ana tsakiyar waƙa sai allurar ta ci karo da ɗan tudun da bai gama kwanciya ba, ta yi tsalle ta koma baya. Ta sake. Ta kuma sake. Gaɓa ɗaya ta ganga ta yi ta zagayowa: dum, dum-dum, tas!

"Ga shi nan, jaz ya koma fank!" Yaya ya miƙa hannu zai ɗaga allurar.

"Bar shi," in ji Baba.

Auta ta dubi ƙasa. Ƙafar Baba na bugawa. Ta ɗago, ta ga hawaye a gemunsa.

"Baba..."

"Ummanku ke nan. Ni jaz, ita fank. Kullum muna musu, kullum ita ke cin nasara. Tana shara tana rawa da tsintsiya."

Yaya ya sunkuyar da kai. Shi ya tuna.

Baba ya shiga ɗaki, ya fito da faya-fayan fank a naɗe cikin zanen Umma. Ya zaro ɗaya ya miƙa wa Dogo.

"Sa mana wannan. A hankali da allurar nan! Kuma ka gaya wa iyayenka ina jiran su."

"Baba! Na gode, Baba!" in ji Dogo.

"Amma dai jaz ya fi."

"Rok dai!" in ji Yaya, yana goge ido.

Kiɗa ya cika falon. Auta ta durƙusa ta riƙe hannun mahaifinta, tana kuka tana dariya. A ranar ta gane Baba bai taɓa ƙin fank ba, bai kuma ƙi Dogo ba. Kewar Umma ce ta hana shi saurare.