Wanda Ya Goya Bai Stoimen

Ranar Lahadi ce a ƙarshen Satumba, unguwar duk ta ɗauki ƙaurin tattasai, kowane gida ana gasa na ajiyar hunturu. A hawa na huɗu na wani tsohon bene a birnin Plovdiv, Zdravko yana zaune a baranda yana ɓare gasasshen tattasai, yatsunsa sun yi baƙi ƙirin. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, aikinsa dakon kayan masu ƙaura. Ba shi da kowa tun rasuwar kakar da ta rene shi, don haka shekara uku ke nan duk Lahadi a gidan nan yake cin abinci, a matsayin abokin Yavor, ɗan mai gidan.

Daga ɗaki yana jiyo muryar mai gidan, Stoimen, wanda ake ce wa Bai Stoimen don girmamawa, dattijon da ya yi shekara arba'in yana zanen waliyyai a bangon coci, yana yi wa ɗansa gyara.

"Wannan ƙafar kyarkeci ce ko ta tebur? Ba ni buroshin nan."

"Tatko, haka masu karatu suke so," in ji Yavor. Tatko shi ne baba a harshensu.

"Masu karatu makafi ne, ni ba makaho ba ne."

Zdravko ya yi murmushi. Labarin na su biyu ne: shi ke tsara maganar, Yavor ya zana, su saka a intanet duk Juma'a. Birni ne da mazaunansa dabbobi ne masu tafiya da ƙafa biyu, suna sa riga da wando kamar kowa. Jarumin shi ne Sivko, kyarkeci direban bas, wanda in gobara ko ambaliya ta taso yake ɗaura jan ƙyalle a fuska ya fita ceto. Wuta ba ta cinsa, ƙarfe kuwa lanƙwasa shi yake kamar kara. Dubban mutane ke bin labarin, har wasu na ɗinka kan kyarkeci su saka a tarukan da ake yi a birnin Sofiya. Bai Stoimen ba ruwansa da intanet. Shafukan da aka nuna masa kawai ya sani, kuma shi ke yi wa rufin gidajen birnin fenti, yana cika baki da ɗansa a wurin shan kofi.

Abin da ba a nuna masa ba shi ne Boril, namijin barewa malamin makaranta, wanda Sivko yake so. Ba a kuma gaya masa cewa Zdravko da Yavor sun wuce abota ba.

Da aka zauna cin abinci, Bilyana, yayar Yavor, tana zuba miyar wake, sai mijinta Plamen ya zaro waya. Ya daɗe yana jin haushin yabon da ake yi wa Yavor, kuma kowa ya san idonsa na kan gidan.

"Tatko, ka taɓa ganin aikin ɗan naka har ƙarshe kuwa? Ga na makon jiya."

Bilyana ta kama hannunsa, ya fizge. Dattijon ya sa tabarau. A shafin, Sivko ya fito da Boril daga makarantar da ta kama wuta, ya kwance jan ƙyallen, ya sumbace shi. A bayansu ga rufin gidaje jajaye, aikin hannun Bai Stoimen, wanda ya yi tun kafin a zana su a shafin.

"Wannan barewar mace ce?"

"Namiji ne, Tatko."

"To kai fa?"

Zdravko ya sunkuyar da kai, zuciyarsa na roƙon Yavor ya yi ƙarya. Amma Yavor ya ajiye cokali.

"Ni da Zdravko haka muke. Shekara biyar ke nan."

Bai Stoimen ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama kafin ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da hannun da na zana Uwar Almasihu kuka sa na yi wa wannan fenti. Kai kuma, ƙato, shekara uku kana cin burodina kana kallon idona." Ya nuna ƙofa. "Ku sauka. Kada in sake jin takun ɗayanku a matakalar nan."

Bilyana ta fashe da kuka, ta bi su har hawa na biyu tana cewa su ba shi mako guda, zai huce. Bai huce ba.

Yavor ya koma ɗakin hayar Zdravko da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ya yi ƙoƙarin ci gaba da zane, amma hannun ya ƙi. Shafin ƙarshe da ya fitar shi ne inda Mujiya, muguwar da ke neman nutsar da birnin, ta rusa gada a kan Sivko. A nan labarin ya tsaya. Masu karatu suka yi ta aiko saƙo har suka gaji. Duk Lahadi Yavor sai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ubansa, yana jin motsin silifas a ciki, ba a buɗewa. Ya rame, ya zama mai saurin fushi.

Wata safiya, Zdravko ya ajiye masa kofi, ya ture.

"Kai ka rubuta shafin nan. Na ce mu bari, ka ce gaskiya ba ta jin kunya. Ga gaskiyar nan, sai ka dafa mana mu ci."

"Na rubuta, ban musa ba."

"Kai me ka rasa? Ba ka da uban da zai kore ka."

Maganar ta soki Zdravko inda ba ya zato. Ya ɗauki rigar aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Teburin gidanku shi kaɗai na taɓa samu, Yavor. In tafiyata za ta sa ya buɗe maka, yau zan tafi. Ka yi tunani, ka gaya mini da yamma."

Da ya dawo ya tarar da Yavor ya dafa taliya ya rufe masa, idanunsa sun kumbura. Ba su sake tayar da maganar ba.

Bayan shekara ɗaya da wata biyar, cikin tsakiyar sanyin Fabrairu, Bilyana ta kira. Ɓarin jikin mahaifinsu na dama ya shanye. An sallamo shi, amma likita ya ce sai an riƙa kai shi gashi asibiti sau uku a mako, in ba haka ba ya kwanta ke nan. Benen kuwa matakala ce zalla. Plamen ya ɗauke shi sau biyu ya ce bayansa ya riƙe.

"Kako, bari in zo," in ji Yavor, da sunan da suke kiran yaya mace.

"Ya ce ko gawarsa kada ka taɓa. Kuma kai da ko buhun dankali ba ka iya ɗauka…"

Zdravko yana ji. Washegari ya roƙi ubangidansa na wurin aiki a mayar da shi aikin yamma, ya hau benen.

Bai Stoimen yana kan kujera, bakinsa ya karkace, ya koma kamar rabinsa. Da ya ga wanda ya shigo, sai ya kawar da kai.

"Gara in ruɓe a nan."

"Ruɓewa ba wuya, Bai Stoimen, Bilyana ce za ta sha wari. Ni ba gaisuwa na zo ba. Kullum ina sauke firji da kabad, ba sa yi mini magana, ni ma ba na yi musu. Ka ɗauki kanka kabad."

Ya durƙusa ya ba shi baya. Bilyana ta ɗora shi tana hawaye. Tun daga hawa na huɗu har ƙasa dattijon yana zaginsa a kunne, da harshen da ba ya fita sosai. Haka aka yi Litinin, Laraba da Juma'a, mako bayan mako. Yavor kuwa yana tsallaken titi bayan wata bishiya, yana kallon ubansa daga nesa ana saka shi a tasi.

Hawa ya fi sauka wuya, dole Zdravko ya huta a kowane hawa. Wata rana a watan Afrilu suna hutawa, dattijon ya yi gyaran murya.

"Karen nan naku. Har yanzu yana yawo da jan tsumma?"

"Kyarkeci ne. Gada ta faɗo masa, shekara ɗaya da rabi yana ƙarƙashi."

"Wane irin jarumi ne wannan? Ba ya lanƙwasa ƙarfe?"

"Mai zana shi ne ya daina zane."

Bai Stoimen ya taɓe baki. Amma ran Laraba ya ce a ba shi labarin tun daga farko, wai don kada ya ji numfashin ƙato a kunnensa. Zdravko ya riƙa ba shi, hawa ɗaya babi ɗaya. Ya gaya masa yadda Sivko ya tare jirgin ƙasa da ƙirjinsa, da yadda Boril ya gane shi ta tabon da ke kunnensa amma ya yi shiru wata shida, yana jira ya faɗa da bakinsa. Bai tsallake komai ba. In an zo wurin soyayya dattijon ya yi tsaki, amma bai taɓa cewa a daina ba. Da aka zo inda tsohon kyarkeci, uban Sivko, ya yi masa baki, sai Bai Stoimen ya buga kafaɗar Zdravko da hannun hagu.

"Uban yana da gaskiya. An yaudare shi a gidansa."

"An yaudare shi," in ji Zdravko. "Tsoro ne ya sa, amma an yaudare shi. Wannan laifinmu ne, ka yafe. Soyayyar kuwa ba zan ba ka haƙuri a kanta ba, don ban ɗauke ta laifi ba."

Zdravko ya ci gaba da hawa har ya kai shi ƙofa.

Wata bakwai Zdravko yana goyonsa. Gwiwarsa ta hagu ta lalace, har yau da ɗingishi yake tafiya. A watan Satumba Bai Stoimen ya fara takawa da sanda, amma likita ya gaya wa Bilyana zuciyar ta gaji. Wata Juma'a, da aka sauke shi bakin titi, ya tsaya ya ɗaga sandar wajen tsallake.

"Ka gaya wa wancan da ke ɓuya bayan bishiya, tun Fabrairu nake ganinsa. Ƙafata ce ta mutu, ba idona ba. Ya zo ran Lahadi. Kai ma."

Ran Lahadi Yavor ya shiga, ya faɗi gaban ubansa ya kifa kai a gwiwarsa.

"Tatko…"

"Tashi, ka jiƙa mini wando." Hannunsa na hagu na kan gashin ɗan. "Ban gane abin nan naku ba, kuma ina jin zan mutu ban gane ba. A coci ba haka aka koya mini ba. Amma na san wanda ya ɗauke ni da wanda bayansa ya riƙe." Plamen ya tashi ya fita baranda. Dattijon ya dubi Yavor. "Kawo takarda. Ku fito da dabban nan daga ƙarƙashin gada, ya isa haka."

Yavor ya zana, uban na gefe yana kushe kowane layi. Boril ne ya tono Sivko, da ƙahonninsa, har ɗaya ya karye. Babi goma sha ɗaya suka fitar tare. Bai Stoimen ya rasu a farkon Disamba, ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Kafin nan ya sa Bilyana ta yi masa alkawari a kan abu guda, ta kuma cika: a wurin jana'iza Zdravko ya tsaya a sahun iyali, kusa da Yavor, duk da ƙus-ƙus ɗin tsofaffin unguwa.

Haƙuri ya biya, amma bai biya duka ba. Shekara biyu aka yi ana gaba, wata uku kacal aka samu na zama tare, kuma Yavor bai daina kukan wannan ba. Fushin iyaye ba a karya shi da gardama, sai da alherin da ba ya jiran godiya. Amma iyaye su ma su sani, ɗan da aka rufe wa ƙofa yana iya jira, kwana ne ba ya jiran kowa.