Ƙararrawar Gidan Hawaja

Magariba ta kawo jiki a Umbadda, Habboba Lauratu na soya kofi a kan gawayi, bulo na farko ya faɗo tsakar gida ya fasa randa. Jan bulo ne, tsoho, irin wanda aka daina yi tun kafin a haifi kowa a unguwar. Ruwa ya malale ƙarƙashin gado.

Salih, jikanta, ya leƙa waje yana neman wanda ya yi jifan. Layin shiru, ko akuya babu. Kafin ya juyo, na biyu ya sauko ta sama, a miƙe kamar an sako shi daga hannu, ya tsaga girar tsohuwa. Jini ya sauka cikin kaskon kofi.

Kwanansa tara da dawowa daga Alƙahira bayan shekara shida, amma gidan ya ƙi ɗaukarsa. In ya zauna ƙafarsa na rawa, in ya kwanta sai ya tashi. Shekaranjiya ya hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya nufi arewa, bakin Nilu, don ganin Gidan Hawaja, gidan Baturen tsohuwar gonar auduga inda kakansa Ibrahimu ya yi ƙwadago. Ya tarar da baranda duk ramukan harsashi, itatuwan lemo sun ƙone, an rufe bakin rijiya da buhunan yashi. Mutanen wurin suka ce a yaƙin nan masu bindiga sun mai da gidan kurkuku. A jikin ginshiƙi ya ga ƙararrawar tagulla. Ya buga ta sau ɗaya don ya ji muryarta, ya kwance ta, ya sa a jaka.

A magariba ta uku abin ya bar bulo ya koma kan Zuhura, ƙanwarsa. Tana cikin alwala ta miƙe tsaye, butar na zuba. Ta ɗauki turmi da hannu ɗaya ta maka a bango. Salih ya riƙe ta, ta damƙi yatsunsa biyu ta lanƙwasa baya har suka yi ƙas. Ihunsa ya tara maƙwabta. Maza huɗu suka danne ta da ƙyar, ita kuwa tana buga ƙeya da ƙasa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai daka.

Aka ɗauko Faki Ilyasu daga Hillat Kuku, ɗan siririn dattijo mai ido ɗaya. Bai yi gaggawa ba. Ya sa turare a wuta, ya zauna daidai kanta, ya yi ta karatu har maƙwabta suka fara gyara zama. Can Zuhura ta buɗe ido, murya ta fito, ta namiji, da Hausar da Salih bai ƙara jin irinta ba tun rasuwar kakansa.

"Sannu da aiki, malam. Rage hayaƙin nan."

"Wane ne kai?"

"Mai rijiya. Ina can tun kafin Hawaja ya dasa auduga. Jikan Ibrahimu ya kira ni."

"Ni? Wallahi ya Faki ban kira kowa ba," in ji Salih, yana rungume da hannunsa.

"Buɗe jakarka, ɗan Masar."

Da aka fito da ƙararrawar, Habboba ta dafe ƙirji.

"Ya walad! Kai yaro, sau nawa ka buga?"

"Sau ɗaya kawai, Habboba."

"Kawai! Kakanka shekara talatin yana buga ta. Ɗaya da asuba, a fita aiki. Uku da yamma, a tashi. Ba a buga ɗaya a tafi. Ko da zazzaɓi sai ya ja jiki ya buga ukun, don ba mutane kaɗai ke aiki a gonar ba."

Muryar ta yi dariya, haƙoran Zuhura jajur da jinin harshenta.

"Tsohuwa ta san al'ada. Kwana biyar ina dako, ba a tashe ni ba. Inda ƙararrawa take nan ne gida, don haka nake kawo gidan, bulo bayan bulo. Amma lada ya canza. A da Ibrahimu kan ajiye min farfesun kifi. Waɗanda suka zo da bindiga, in sun buga ɗaya, mutum suke jefo min. Na saba. An buga, malam. Ina nawa?"

"Ba ka da jini a gidan nan."

Hannun Zuhura na hagu ya fara murɗuwa da kansa, a hankali, gwiwar hannu na juyawa inda ba ta juyawa. Faki ya ɗaga murya, ya watsa mata rubutu a fuska. Ta yi ƙara, ƙofar ƙarfe ta buga kanta, bulo uku suka faɗo a jere. Hannun bai tsaya ba.

"Ka karya ta, ni kuma in ƙone ka a cikinta," in ji Faki. "Faɗi abin da kake so na gaskiya."

Da muryar ta dawo, ta dawo a gajiye.

"Gidana ya cika. Suna kuka, ba na barci. Ba wanda ya yi musu wanka, ba wanda ya yi musu salla."

"In an fitar da su?"

"A fitar, a binne. Wanda ya buga shi zai sauka, da hannunsa. Kowace yamma ya buga uku, har ranar da rijiya za ta koma ruwa. Ya tsallake yamma ɗaya, in dawo in ƙarasa hannun nan."

Kowa ya juyo ya dubi Salih. Tikitin motar komawarsa Alƙahira na aljihu, na ranar Alhamis, bai gaya wa kowa ba. Ya dubi hannun ƙanwarsa, wanda saura kaɗan ƙashi ya huda fata.

"Na ji. Halas, na yarda. Sake ta."

Zuhura ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta kira Habboba da muryarta, tana tambayar wa ya fasa turmi.

Aikin ya ci wata huɗu. Aka mai da ƙararrawar jikin ginshiƙinta, aka sanar da hukuma, mutanen wurin suka kawo igiya da likkafani, mata suka riƙa zuwa da hotuna suna tsayawa daga nesa. Salih ne ke sauka, da yatsu biyu a ɗaure. Abin da ya gani a ƙasa bai taɓa faɗa ba. Alhamis ta wuce, wasu Alhamis ɗin suka bi ta.

Ranar da guga ya fito da ruwa garau, Faki Ilyasu ya ɗanɗana, ya ce alkawari ya cika, yana iya tafiya duk inda ya so. Salih ya gyaɗa kai. Rana na faɗawa bayan itatuwan lemo, ya miƙe ya nufi ginshiƙin.

"Na ce ka gama, ya zol, bawan Allah," in ji Faki.

"Na ji, Faki. To gobe wa zai tashe shi daga aiki?"

Ya kama igiyar, ya buga uku.