Kan Injin da Mas'udu Ya Riƙe

A gefen Sheme motar ta tsaya, tururi na tashi daga bonet. Shafa'atu ba ta ma fito ba. Kwana shida ta yi tana karɓar haihuwa a asibitin Sabuwa, ga biki da suka je Kankara, ƙafafunta duk sun kumbura. Tana kallo yayanta Sha'ibu ya ɗebo ruwan rijiya mai sanyi, ya kwarara wa injin da ke tafasa.

"Kai! Tsaya, bawan Allah!"

Wani saurayi ne ya diro daga babur, rigarsa duk baƙin mai. Amma ya makara, ruwan ya riga ya shiga. Ya dafa motar ya girgiza kai, sannan ya leƙo taga, suka haɗa ido da Shafa'atu.

"Sannu, Hajiya. Injin turbo ba shi son wanka yana cikin zuhwa. Sunana Mas'udu, garejina na Kankara."

Duk gajiyarta sai da ta yi murmushi.

Can aka ja motar. Alhaji Mamuda, mahaifinta, ya amince da gyaran, amma da zance ya kai ga neman aure sai ya ɗaure fuska.

"Bakanike? Mutanen gobe-gobe? Ban ba da ɗiyata ga wanda bakinshi bai tsaya wuri ɗaya."

Soyayya kuwa ba ta jira izini ba. Kullum da hantsi saƙo ke shigowa: "Likitata, kin karya kumallo? Yau na ciro kan injin, mu muna ce mashi top silinda. Ya karkace kamar faifan da ruwa ya daka. Ki kula mani da kanki."

Ita kuma ta mayar: "Injiniyana, ka gama da wuri don Allah. Baba na ƙirga kwanaki, ni ma na gaji da motar haya."

Mako biyun da ya ɗiba wa gyaran ya zama huɗu. Mas'udu ya gano tsaga a kan injin, ya sa aka turo wani daga Kano, shi ma ya zo da tsaga, ya mayar. Ya yi wa Alhaji bayani a waya, Alhaji ya ce irin zancensu ne. Ana haka Bilya ya shigo, mai shagon kayan mota a Faskari, wanda ya daɗe yana zarya ƙofar gidan neman Shafa'atu, da farar shadda da turare. Shi dai bai taɓa riƙe sifana ba, amma baki ba a cewa komai.

"Baba, gasket ne kawai, 'yar shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin. A kawo ta, yarana su rufe cikin kwana biyu."

Alhaji ya aika Kankara: a maido masa da motarsa ranar Juma'a, in ba haka ba kada ya sake ganin ƙafar yaron a unguwar.

Ranar Juma'a motar ta iso a jaye. Aka buɗe bonet, babu kan injin. Mas'udu ya riƙe shi.

Gidan ya kama da wuta. Shafa'atu ta zauna bakin gado, ta rubuta: "Mas'udu, ka gama da ni. Wata guda ina kare ka a gidan nan, yau ka sa Baba ya kira ka ɓarawo. Na gaji, wallahi na gaji."

Amsar ta zo gajera: "Ki yi haƙuri, sanyin idona. Gobe da safe ina tahe."

Da safe kuwa ya zo, ya rame, idanunsa sun faɗa, da ƙarfe a nannaɗe cikin buhu a bayan babur. Shafa'atu ta laɓe bayan ƙyauren zaure. Ya durƙusa ya gaishe da Alhaji, Alhaji ya kau da kai. Bilya na zaune gefe yana kaɗa makulli.

Mas'udu ya kifa kan injin a tabarma, ya roƙa a ba shi kananzir. Ya cika ramuka huɗu na jikin ƙarfen, inda bawul ke toshewa, ya ja da baya.

"Baba, a duba na ukku."

Uku suka riƙe kananzir ɗinsu. Ɗaya ya fara raguwa a hankali, har ya ɓullo ta hanyar ruwa ya jiƙa tabarma. Alhaji ya sunkuya ya shafa wurin da yatsa, bai ji komai ba. Tsagar ba ta kai silin gashi ba.

"In an sa sabon gasket za ta tashi, Baba, har ta yi gudu. Sati biyu, ko ukku, sannan ta tahwasa ta tsaya. Da Funtua take zuwa, da na bari a ruhe." Ya ɗago ya dubi Alhaji. "Amma duk Litinin wagga mota ke kai Shafa'atu Sabuwa. Kun san dajin da ke hanyar, kun san abin da ke samun wanda ya tsaya cikinshi. Ga kan injinku. In kun hana ni ita, na haƙura. Amma don Allah kar a maida shi cikin motar."

Bilya ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Bayan ƙyaure Shafa'atu ta toshe bakinta da mayafi, kunya da so suka taru suka danne mata ƙirji.

Alhaji ya daɗe yana kallon tabarmar.

"Kwana nawa?"

"Tara. Na samu lafiyayye, yana Funtua ana goge mashi fuska. Sai in wasa bawul da hannu, in sa gasket na ƙarhe da sabbin kusoshi, in wanke bututun man turbo."

"Ba a yi bakwai?"

"Ba a yi, Baba."

Alhaji ya sauke numfashi. "To, ranar ta goma ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Faskari. A wannan motar aka ɗauki amarya zuwa Kankara, injin na tafiya sumul. Ƙawaye suka zuba ido su ga kukan amarya kamar yadda aka saba. Ba a ma fita gari ba suka ji numfashinta ya canza, ashe barci ya kwashe ta a kafaɗar gwaggonta Hajaratu. Mota ta kaure da dariya.

Gwaggo ta gyara mata lulluɓi. "Ku ƙyale mani ɗiya ta huta. Allah shi yi masu albarka, shi ba su zaman lahiya."

Suka amsa da amin a hankali, don kada ta farka.