Jan Fenti a Bangon Safina

Da hantsi Safina ta shigo caji ofis, hannuwanta ja-wur, don ta gwada gogewa da soso ta kasa. Mai abinci ce a Yalwawa, kuma da tukunyar nan take riƙe da marayunta. An wayi gari an rubuta wa bangon shagonta kalma ɗaya da jan fenti: MUSHE.

Sufeto Abdulkahar ba ya son surutu, amma ko da ya isa wurin, surutun ya riga shi. Waɗanda jiya suke lashe kwano a bencinta, su ne yau suke tofar da yawu, kowa ya tuno ranar da cikinsa ya murɗa. Haka mutanen unguwar suke. Magana in ta baki ce sai su yi musu, amma da sun gan ta a rubuce ta zama gaskiya. Duba-gari ma ya aiko cewa zai rufe shagon in ba a wanke ta daga zargin ba.

Sufeto ya kori 'yan kallo ya tsaya yana duban rubutun. Ta hannun dama fentin ya yi kauri har ya zubo, baƙaƙen manya-manya. Ta hagu kuwa, inda kalmar ta fara, fentin ya yi shara-shara, an matse baƙin farko a jikin ƙofa.

Jama'a sun riga sun yanke hukunci a kan Gwadabe, mai rubuta allunan shaguna da bayan adaidaita sahu. Sufeto ya same shi a rumfarsa da kumburarren leɓe, samarin unguwa sun riga sun gaisa da shi. Gwadabe ya rantse rabonsa da jan fenti tun kafin azumi. Sufeto ya ture wani buhu da ƙafa, sai ga murfin gwangwani, jan fentin jikinsa bai gama bushewa ba.

"Ƙarya ta farko ke nan," in ji Sufeto. "Ta biyu a bayan kanta za ka yi ta."

Nan bakin Gwadabe ya buɗe. Ya ce ragowar fentin mahauta ya bai wa, suna yi wa raguna alama da shi, kuma tsoronsu ne ya sa ya ɓoye.

"Yallaɓai, ni da igiya da alli nake auna bango kafin in tsoma buroshi. Ka ɗaure ni a kan wani laifin, amma kada ka ce wannan ƙazantar aikina ce."

A mayanka, Sufeto ya tarar da gwangwanin a ƙarƙashin teburin da mutum biyu suke aiki a kai. Ɗaya Sale ne, wanda yanzu yake kai wa Safina nama. Ɗayan Yahuza, wanda ta daina saye a wurinsa. A bakin ƙofa kuma akwai allon gargaɗin duba-gari a kan sayar da mushe, kalmar tana nan ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe.

Sale ya ce ai shi ma abin ya shafa, don in an ce mushe take dafawa, namansa aka zaga. Yahuza kuwa ko daina wasa wuƙa bai yi ba. Ya ce bai san da gwangwanin ba, bai kuma bi ta Yalwawa ba.

"Ni ka zo tambaya a kan boko? Kowa a nan ya san karatun allo na yi. Ko sunana ban iya rubutawa da baƙaƙenku ba. Je ka kama 'yan makaranta."

Ran Sufeto ya ɓaci, amma bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo gawayi, ya nuna allon gargaɗin, ya ce kowannensu ya kwafo kalmar a kan siminti, ko da zanawa ne yadda ido ya gani.

Sale ya durƙusa ya rubuta tasa, a karkace amma daga hagu. Yahuza ya karɓi gawayin yana murmushin raini, tun da a ganinsa rashin iyawar ne zai fitar da shi. Hannun da ya saba da allo tun yarinta ya nufi dama. Ya zana baƙin ƙarshe da girmansa, ya biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har wuri ya ƙure masa a gindin tebur, ya matse na farkon.

Sufeto ya buɗe hoton bangon a wayarsa ya ajiye kusa da zanen. Mahautan da suka kewaye su suka matso suna leƙawa.

Yahuza ya jefar da gawayin. Bai yi nadama ba, bai kuma nemi afuwa ba.

"Ita ta fara. A gaban mutanen nan ta ce namana yana wari. Tata maganar iska ta kwashe. Ni na ce tawa sai ta zauna inda kowa zai gani."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya saka masa ankwa. Da gangan Sufeto ya sa aka bi da motar 'yan sanda ta gaban shagon Safina, ya tsaya ya faɗa wa jama'a da bakinsa wanda ya yi da dalilinsa. Suka saurara, suka gyaɗa kai, wasu har da Allah wadai. Yahuza ya leƙo ta taga ya ce da Sufeto ai ya kama shi, to, ya je ya goge kalmar daga zukatan mutane.

Da motar ta wuce, Sufeto ya zauna a bencin Safina ya ce ta zubo masa shinkafa da nama. Ya ci a hankali, yana fuskantar titi, don kowa ya gani. Mutane suka gani, suka gaishe shi cikin ladabi, suka wuce shagon gaba.

Har la'asar, kwanonsa kaɗai Safina ta wanke.