Atikar Zaɓi Sonka

Na haihu, jama'a! Ɗiya mace, gashi har goshi! Amma ranar suna, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Tun daren biyu munka fara gardama da maigida.

"Atika za a sa mata," nic ce.

"Wace Atika kuma?"

"Aminiyata ta Gusau mana!"

"Wadda kuke gaisawa a rediyo? Amaryata, ko hancinta kin taɓa gani?"

Ban taɓa ba. Tun da anka ƙara musu albashi a kamfanin siminti na Kalambaina yas sayo min rediyo, nake aika katin zaɓi sonka. Kowace Lahadi sai an ce, "Atika 'yar Gusau na gaida Tauraruwar Gawon Nama." Ni ke nan! Har maƙwabta leƙowa suke.

"Yaya Jummai fa?" yac ce a hankali. "Ita ta goye ni. Ta baro girbin gerota a ƙauye ta zo tana dafa miki ruwan jego."

"Ni dai na yi alkawari, duk duniya ta ji!"

Na sa kuka. Shi kuwa ba ya jure ganin hawayena. Ashe Yaya Jummai na bakin murhu, duk ta ji.

Ranar suna liman yac ce Atika. Na yi ta murna!

Da azahar sai ga wata doguwa da leshi da jaka. Ashe Atika ce da kanta!

"Ina Tauraruwar take?"

"Ga ni..."

Tad dube ni, fuska a kumbure, ina warin hayaƙi. Munka gaisa. Ina gajiya, ina hanya. Munka sake ina gajiya. Wallahi ba ta da laifi, har turmin atamfa ta kawo. Amma ko sunana na yanka ba ta sani ba, ni ma ban san tana da miji ko babu ba.

Jaririya tat tsala kuka. Atika ta riƙe ta nesa-nesa, ni kuma nono ya yi tauri, na rasa yadda zan yi. Yaya Jummai ta shigo, idonta ja wur don hayaƙi, ta gyara min zama, ta sa mata a baki. Tsit.

"Mai aikinku ta iya," in ji Atika.

Kafin la'asar ta tahi neman mota.

Washegari na iske Yaya tana ɗaure kayanta.

"Yaya, ina za ki?"

"Gero na jirana. Ki aika kati Gusau, a zo a ƙarasa miki arba'in."

Na durƙusa, ɗinki na ja na, ban damu ba. Na kama ƙafarta.

"Yaya, na yi wauta. Ki zage ni, ki buge ni, kar dai ki tahi!"

Maigida na tsaye bakin ƙofa, shi ma ido ya cika. "Yaya, don Allah..."

"Kai rufe min baki, Attahiru! Mace ta yi maka hawaye biyu ka narke awa man shanu!"

Ta daɗe tana kallon jaririyar. Sannan tas sa hannu ta ɗauke ta.

"Ni dai bakina ba ya kiran wata 'yar Gusau. Hajjo zan ce mata, sunan uwarmu."

"Hajjo, Yaya! Wallahi Hajjo!"

Ta ture ƙullin kayan da ƙafa.

"To tashi, sakarya. Wa ya ce mai jego ta durƙusa a ƙasa mai sanyi?"